Teku a cikin gilashi: riƙo ne ko mallaka?

Bara, a lokacin cirar albasa, wani tsohon ɗalibina da ke fatauci tsakanin Galmi da Abijan ya aiko mini da ɗan gajeren hoto mai motsi ta wayar salula. A zauren baƙi na wani attajiri ya ɗauko shi. Akwati ne na gilashi cike da ruwa garai-garai, an haska shi da fitila mai shuɗi-shuɗi, a ciki kuma ga waɗansu ƴan kifaye da ba su wuce tsawon yatsa ba. Jikinsu fari ne kamar azurfa, da ratsin baƙi uku, fukafukansu da wutsiyarsu dogaye, an yayyafa musu ɗigo-ɗigon fari irin na zabuwa. Ba sa kai da kawo kamar yadda muka san kifi. Tsaye suke cik a tsakiyar ruwa, sai ka ce da zare aka rataye su. A ƙarƙashin hoton ya rubuto: «Malam, ginin gidana na Ƙonni ya ƙare. Irin wannan nake so in ajiye a zaure. Batun kuɗi kada ku damu da shi. Me kuka gani?»

Da farko dariya na yi. Tsakanin Birnin Ƙonni da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800, kuma gari ne da a watan Afrilu ko randa ba ta iya riƙe sanyi. Amma da dariyar ta wuce sai tambayar ta zauna mini a rai, har na yi makonni ban ba shi amsa ba. Na lura cewa abin da ya tambaye ni ya fi ƙarfin zancen kifi. Tambaya ce da kowannenmu ke karo da ita ta wata fuska: idan na ga abu mai rai ya ba ni sha'awa, kuma ina da halin sayensa, shin wannan ya isa ya ba ni ikon raba shi da duniyarsa in tsare shi a tawa? Ita nake so mu duba tare da mai karatu.

Kifin da uba ke goyonsa a baki

Sunansa kifin kadinal na Banggai. Dangin kifayen kadinal suna da yawa a tekunan ƙasashe masu ɗumi, kuma an ba su wannan suna ne domin da dama daga cikinsu jajaye ne kamar rigar manyan limaman cocin Katolika. Shi wannan ba ja ba ne, kuma Allah bai ajiye shi ko'ina ba sai a gaɓar ƴan tsibiran Banggai, gabas da babban tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, cikin ruwa marar zurfi, tsakanin murjani da ciyawar teku. Masana sun auna duk wuraren da yake iya zama a can, suka ga ba su kai murabba'in kilomita 35 ba. Gonakin noman rani na Ƙonni, waɗanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, sun kai kimanin hekta 2450, wato kusan murabba'in kilomita 25. Ashe duniyar wannan kifi gaba ɗayanta kaɗan ta ɗara fadamar da muke zagayawa a kan babur da maraice.

A shekarar 1920 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Walter Kaudern, ya kama ƴan ƙwaya kaɗan ya kai Turai. A 1933 wani masanin kifi ɗan ƙasar Holan mai suna Koumans ya bayyana kamanninsa, ya raɗa masa suna Pterapogon kauderni. Daga nan duniya ta manta da shi har shekara sittin, shi kuwa ya ci gaba da zamansa lafiya. Sai a 1994 wani masanin, Gerald Allen, ya je Banggai ya gan shi da idonsa, hotunansa suka bazu, masu ajiye kifin teku a gidaje a Amurka da Turai suka ce sun ga abin so. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta cewa ana kama tsakanin 700.000 da 900.000 kowace shekara, alhali dukansu a teku ba su wuce kimanin miliyan 2,4 ba. A 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Shekara 13 ke nan kacal tsakanin ɗaukar hoto da shiga wannan jeri. Sau biyu aka kai maganar taƙaita cinikinsa gaban taron yarjejeniyar CITES: Amurka ta kai a 2007 a birnin Hag, Tarayyar Turai ta kai a 2016 a Johannasbag, kuma duka biyun aka janye bayan Indonesiya ta ƙi amincewa.

Me ya sa kamu ya yi masa illa da sauri haka? Amsar tana cikin yadda yake haihuwa. Yawancin kifayen teku dubban ƙwai suke watsawa, igiyar ruwa ta kwashe ƴaƴan ta kai su nesa, wanda ya rayu ya rayu. Ita macen wannan kifi ƙwan da take yi ba ya kai 100. Da ta zuba su sai namijin ya kwashe su a bakinsa. Kimanin kwana 20 suke yi kafin su ƙyanƙyashe, sa'an nan ƴaƴan su ƙara kusan kwana 10 a cikin bakin. Duk tsawon wannan lokaci uban ba ya cin kome: azumin wata guda, ba sahur ba buɗa-baki. Idan ya sake su, sai su ruga su fake tsakanin dogayen ƙayoyin wata halitta mai kama da bushiya, wadda za mu kira bushiyar teku, inda manyan kifaye ba sa iya kai baki. Inda aka haife su nan suke girma, nan suke mutuwa. Saboda haka idan aka kwashe na wata gaɓa, babu waɗansu da za su zo daga nesa su maye gurbinsu.

Wannan goyo na baki ba baƙon abu ba ne ga masuntanmu. Duk wanda ya taɓa jefa taru a tafkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela, ya san karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza, kuma ya taɓa ganin ta amayo ƙwai ko ƴaƴa da aka fito da ita. Bambancin kawai shi ne, a karfasar da muka fi sani uwa ce ke goyon, a Banggai kuwa uba ne.

Abin da ake nufi da kawo teku Ƙonni

Kafin mu shiga zancen dacewa, ya kamata mu san nauyin abin. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ba irin gishirin Balma ko na Foga ba ne da za a auno a kasuwa. Haɗi ne na sinadarai da yawa wanda sai an yi odarsa daga waje, a kwaɓa shi da ruwan da aka tace sosai. Zafin ruwan dole ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, a garin da bazara ke haura 40, don haka sai da na'urar sanyaya ruwa. Sai da famfo mai juya ruwan dare da rana domin iska ta shiga. Kullum rana tana shan ruwan ta bar gishirin, idan ba a ƙara ruwan daɗi daidai gwargwado ba gishirin ya yi yawa. Kashin kifin kansa guba yake zama, sai an yi makonni ana renon waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin akwatin waɗanda za su riƙa narkar da gubar, tun kafin a saka kifi ko ɗaya. Abincinsa kuma ƙananan jatan lande ne da ake adanawa cikin ƙanƙara.

Duk wannan a kan igiya ɗaya yake rataye, wato igiyar lantarki. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama har zuwa farkon 2024. Mutum yana iya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jira asuba. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da tsakar gida. Sa'o'i kaɗan na zafi ba tare da famfo ba sun isa a wayi gari a tarar da shi ya juya ciki sama.

Na san abin da ɗalibina zai ce: akwai faifan hasken rana, akwai batura, akwai kuɗi. Gaskiyarsa ne, abin yana yiwuwa. To, amma yiwuwar abu daban, dacewarsa daban.

Kiwo, riƙo, mallaka

Harshenmu ya riga mu yin tunani a kan wannan batu, domin kalmomin da muke faɗa idan wani abu mai rai yana hannunmu ba ɗaya ba ne. Akwai kiwo. Makiyayi shi ke bin dabba, ya kwana inda ta kwana, ya sha rana domin ta sami ciyawa, kuma kalmar nan ce muka ara muka ce kiwon lafiya. Akwai riƙo. Gwaggo takan ɗauki ɗan ɗan'uwanta ta riƙe, ta ciyar da shi ta tufatar da shi, tana sane da cewa ba nata ba ne, kuma akwai ranar da za a tambaye ta yadda ta yi da shi. Akwai kuma mallaka. Duk Bahaushe ya san ma'ana ta biyu ta wannan kalma: asirin da ake yi wa mutum domin ya kasa ƙetare maganar wanda ya yi masa. Mai yin mallaka cewa yake yi so ne ya sa shi. Daga waje ma abin kama da so yake yi, ga kulawa, ga tarairaya. Sai dai wanda aka mallake ya rasa kansa.

Ina bambancin yake tsakanin riƙo da mallaka, tun da a duka biyun wani yana hannun wani? A ganina alamu biyu ne. Ta farko, wa ke ɗauke da wahalar? A riƙo wahala tana kan mai riƙo, amfani yana ga wanda aka riƙe. A mallaka daɗi yana ga mai mallaka, wahala tana kan wanda aka mallake. Ta biyu, akwai ranar saki? Mai riƙo yana aiki ne domin ranar da wanda ya riƙa zai tsaya da ƙafarsa. Mai mallaka ranar nan yake tsoro.

Abin mamaki shi ne, kifin da muke magana a kansa shi ne misalin riƙo mafi bayyana. Ya sa ƴaƴansa a baki, wato a ƙofar cikinsa, yunwa tana cinsa, abin haɗiya yana kan harshensa, ya haƙura. Ranar da suka isa kuma ya buɗe baki ya sake su. Ba ina cewa kifi yana da niyya ko lada ba ne. Halittarsa ce haka, kuma ba a rasa wanda firgita ko yunwa kan sa ya tofar da ƙwan ko ya haɗiye waɗansu. Amma Allah yakan ajiye mana darasi a jikin abin da bai san yana koyarwa ba. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin wannan matsayi: ƴaƴan mutane ne a hannunmu, ba namu ba, kuma kyan aikinmu shi ne ranar da suka daina bukatarmu.

Abin da magabata suka hango

Addini bai hana ajiye dabba don sha'awa ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarinsa cikin rarrashi, bai tsawata ba. Daga nan malamai suka fitar da halascin ajiye tsuntsu, da sharaɗin a ba shi ci da sha. Sharaɗin kuwa ba na wasa ba ne, domin kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ma'anar a fili take: ranar da ka rufe ƙofa a kan wata halitta, duk abin da duniya ke yi mata kyauta ya koma wuyanka. Wanda ya sa kifin teku a gilashi ya yi alkawarin zama masa teku, ya zama masa igiyar ruwa da iska da sanyi da abinci, kullum, ba hutun salla.

Akwai hadisi na uku da ba a cika kawowa ba. A wata tafiya sahabbai suka ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta shawagi a kansu, Annabi ya umurce su da su mayar mata da ƴaƴanta. A nan ba a tambayi ko za su iya ciyar da ƴan tsakin ba. Abin da aka duba shi ne wadda aka bari a baya da gurbin da aka buɗe.

Masu falsafar Turai ma sun yi ta kai da kawo. Descartes, a ƙarni na 17, ya ɗauki dabba a matsayin na'ura mai motsi marar tunani. Bentham, a 1789, ya juya maganar, ya nuna cewa abin dubawa shi ne ko dabba tana jin wahala. Wannan ci gaba ne babba, amma ma'auninsa bai ishe mu a nan ba. Mai yiwuwa ne kifin da ke hannun gwani ba ya jin wata wahala. Babu mai farautarsa, abinci yana zuwa masa a kan kari, wataƙila ma ya fi ɗan'uwansa na teku tsawon rai. Idan wahalar wanda ke cikin gilashi kaɗai za mu auna, sai mu ce babu laifi. Amma gilashi yana nuna wanda ya iso ne kawai, ba ya nuna waɗanda aka biya da su kafin ya iso.

Bashi uku

A nan nake ganin mai sayen irin wannan kifi bashi uku yake ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba.

Na farko bashin kifin da ke gabansa ne, mun riga mun faɗi nauyinsa.

Na biyu bashin waɗanda ba ya gani. Daga gaɓar Banggai zuwa zauren attajiri tafiya ce ta kwanaki da makonni: daga taru zuwa keji a cikin ruwa, zuwa jakar leda, zuwa jirgin ruwa, zuwa jirgin sama. Kaso mai yawa yana mutuwa a hanya, waɗansu kuma cuta ta kama su a wuraren tarawa su mutu bayan an saye su. Idan taru ya faɗa kan namiji mai goyo, ba kifi ɗaya aka kama ba, zuriya guda aka zubar. Kowane kifi da ke tsaye cikin shuɗin haske yana da ƴan'uwa da aka watsar a bayansa, kuma akwai wuraren da masu bincike suka koma suka tarar ba sauran ko ɗaya.

Na uku bashin mutum ne. A shekarun 2000, abin da masuncin Banggai ke samu a kan kifi ɗaya bai kai dala goma ta kuɗinmu ba, alhali a kantunan Amurka da Turai ana sayar da shi ninki ɗari ko fiye. Ɗalibina ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, domin ya san kuɗin buhun albasa a bakin gona a Galmi ranar da kowa ya cire tasa, ya kuma san kuɗinsa a Abijan bayan wata huɗu. Talakan da aka biya kaɗan dole ya kama da yawa, wanda ya kama da yawa kuma abincin ƴaƴansa na gobe yake kwashewa.

Hujjojin da ba a raina su

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Wani zai ce: ku da kuke cin tarwaɗa da karfasa kullum, har kuna da bakin tausayin kifin da ba a ma yanka shi ba? Tambaya ce mai ƙarfi. Amsata ita ce, ci bukata ce, kallo sha'awa ce, kuma abin da aka yafe wa bukata ba lalle a yafe wa sha'awa ba. Bayan haka su ɗin ma bai taɓa zama ba doka a ƙasar Hausa ba. Sarkawa suna da sarkin ruwa, akwai lokacin da ake rufe ruwa da lokacin da ake buɗe shi. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, gurbin Matan Fada a tsare yake sai ranar da aka ba da izini. Kakanninmu sun gane cewa ruwan da kowa ke ɗiba ba mai tsaro ba ya daɗewa. Cinikin kifin ado ya auka wa Banggai ba tare da sarkin ruwa ba.

Wani zai ce: idan aka daina saye, masuncin da kake tausayi ya rasa ko ɗan abin da yake samu. Wannan ma gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta ƙi yarda da takunkumi. Sai dai abin da wannan hujja ke nema shi ne a biya shi da daraja, a iyakance kamu, a bar masu goyo. Ba ta wanke mai sayen da bai tambayi kome ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta uku. Da yake ƴaƴan wannan kifi suna fitowa daga bakin uba da girmansu, yana cikin kifayen teku mafi sauƙin hayayyafa a hannun mutum. Tun shekarun 2010 da yawa daga waɗanda ake sayarwa a Amurka daga gonakin kifi na ƙasar Tailan suke fitowa, ba su taɓa ganin Banggai ba. Wanda ya sayi irin wannan ya sauke mafi yawan bashi na biyu. Na yarda da haka, kuma shi ya sa ban ce ajiye kifin kadinal laifi ne a ko'ina kuma ga kowa ba. Akwai masu ajiye shi da suka cancanci a kira su makiyaya: suna tashi cikin dare su duba ruwa, suna hana kansu tafiya, suna renon ƴaƴan su raba wa waɗansu domin a rage kamu a teku. Wahalar tana kansu. Wannan riƙo ne.

Akwai kuma mai cewa yaron Adar da bai taɓa ganin teku ba zai ƙaru idan ya ga wannan akwati. A matsayina na malami ba zan raina gani ba, gani ya kori ji. Amma yaro ba kifin kaɗai yake gani ba, yana ganin yadda babba ke yi da shi. Idan ya ga kifi ya mutu an zubar an sayo wani kamar yadda ake canja ƙwan fitila, darasin da ya ɗauka shi ne rai kayan ado ne ga mai kuɗi.

Namu kifin kadinal

Kada mu ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne. Muna da namu, sai dai shi fukafukansa na tashi ne. Ina nufin gauraka, wanda waɗansu ke ce wa kumare. A ƙuruciyata nakan ji kukansu a fadamun Majiya bayan damina, yanzu kuwa na fi ganinsu a tsakar gidajen masu hali, an datse musu fiffike, suna taku tsakanin motoci. Gaskiya ne bushewar fadamu da faɗaɗa gonaki sun rage su a duk Afirka ta Yamma, amma kamu domin ajiyewa a gida da sayarwa waje yana cikin manyan dalilan da masana ke lissafawa. Gaurakan gida da wuya ya hayayyafa, don haka kowane ɗaya da ya mutu daga daji ake ɗauko madadinsa. Wanda ya ajiye shi ba ƙinsa yake yi ba. Tukkunsa na zinariya ne ya ba shi sha'awa, ya kuma ji ana cewa yana kawo wa gida kwarjini. So ne ya kwashe gauraki daga fadama, kamar yadda so ya kwashe kifin kadinal daga Banggai. Haka barewa, haka kunkuru. Ba kullum ƙiyayya ke ƙarar da abu ba, son da ba ya tambayar kansa ma yana yi.

Amsar da na ba shi

Da ɗalibina ya dawo gida hutun babbar salla, ya zo gaishe ni, sai na ɗauko wani ɗan dutse da na daɗe ina ajiye da shi, wanda wani yaro ya tsinto mini a tsaunukan Adar. Kewayayye ne, bai cika tafin hannu ba, a bayansa akwai zane mai reshe biyar kamar fure. Na ce masa wannan bushiyar teku ce da ta zama dutse, dangin wadda ƴaƴan kifin nan ke fakewa a jikinta. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, inda muke zaune ɗin nan teku ne. Farin dutsen da ake haƙowa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti da shi, ragowar ƙwansunan halittun wannan teku ne. Na ce: «Ka ga ashe bangon gidanka da teku aka gina shi. Ya zo nan da kansa, ya tafi da kansa, ba wanda ya tsare shi.»

Sa'an nan na yi masa tambaya uku. Mai sayar maka zai iya tabbatar maka cewa a hannun mutum aka haifi kifin, ba daga Banggai aka kwaso shi ba? Kai da kake rabin shekara a kan hanyar Abijan, wa zai zama masa teku idan ba ka nan, kuma shi wannan mutumin ya yarda ko dora masa za ka yi? Ta ƙarshe: idan babu baƙon da zai taɓa shiga zauren nan ya gani ya yaba, har yanzu kana son sa? Na ce idan ya amsa ukun nan zuciyarsa ta natsu, ba ni da ta cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan kuwa ya kasa amsa ko ɗaya, to ya sani abin da yake shirin yi mallaka ce, ko da ya kira ta so.

Ya yi shiru yana juya dutsen a hannunsa. Can ya ce: «Malam, ta ukun ce ta fi wuya.» Ya roƙe ni dutsen, na ba shi.

Bai ce mini ya fasa ba, ni ma ban sake tambayarsa ba. Amma da na je gidan kwanan baya, na tarar gurbin da aka tanada wa akwatin gilashi yana nan ba kome, sai ɗan dutsen nan a ajiye a tsakiyarsa. Ƴarsa ƙarama ta ɗauko shi ta nuna mini, ta ce babanta ya ce da can gidansu cikin ruwa yake, tana tambaya ko gaskiya ne. Na ce mata gaskiya ne. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya sa a hannunmu, ya kuma ba mu haƙurin kallon abin da ba namu ba daga inda ya ajiye shi.